Maiɗakina tana goyon sati bakwai, asibiti kuma da nisa: wace hanyar tazarar haihuwa ce ta dace da ita?

Abban Hafsatu:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke cikinmu. Muna zaune a wani ƙauye ta gefen Auyo a Jigawa. Maiɗakina ta sauka sati bakwai da suka wuce, haihuwa ta biyar, shekarunta 29. Wanda aka yi wa ƙanin nan bai cika shekara ɗaya da rabi ba, wato gwarne ta yi, kuma ta ji jiki a wannan cikin. Ƙafafunta sun kumbura, aka ce jininta ya yi ƙasa, har sai da aka ƙara mata leda ɗaya bayan haihuwa. Mun zauna ni da ita mun yanke shawarar ta huta kamar shekara uku. Ba daina haihuwa muke nufi ba, hutu kawai.

Damuwarmu biyu ce. Ta farko, asibitin da ake yin tazara ya kai kilomita 15 daga garinmu, kuma in damina ta nutsa ruwa yakan yanke hanyar, wani lokaci sai da kwalekwale. Ta biyu, abin da take ji a bakin mata a gidajen suna ya sa mata tsoro. Wasu sun ce ashana, wato 'yar robar da ake sakawa a hannu, tana ɓacewa a cikin jiki, wasu sun ce allura tana tara jini a mara, wasu kuma sun ce duk wadda ta yi ba ta ƙara haihuwa. Don Allah a yi mana bayani dalla-dalla, yadda kowace take aiki da illarta, in karanta mata.

Anti Ungozoma:

Wa alaikumus salam Malam. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba maijego lafiya.

Bari mu fara da inda take tsaye yau, domin ta nan gwarne yake shigowa. Mutane sun ɗauka muddin mace tana shayarwa ba za ta ɗauki ciki ba. Shayarwa tana karewa, amma da sharuɗɗa uku, kuma sai sun haɗu gaba ɗaya: jaririn bai kai wata shida ba, al'ada ba ta dawo ba, kuma nono zalla yake sha dare da rana, ba a barinsa ya wuce awa huɗu da rana ko awa shida da dare bai kama ba. In sun cika, cikin mata 100 kamar biyu ne za su samu ciki a wata shidan nan. Sai dai a ƙauyukanmu sharaɗi na uku ne yake fara karyewa. Ana ɗura wa jariri ruwa saboda zafi, ana ba shi jiƙo, kafin wata na huɗu an fara koko. Da tsotson ya ragu, sinadarin da ke danne ƙwan mace sai ya yi ƙasa, ƙwai ya fita. Kuma yana fita ne kamar sati biyu kafin jinin farko ya bayyana. Shi ya sa za ka ji mace ta ce wallahi ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba tun haihuwa, ga kuma ciki. Saboda haka kada ku jira ganin jini.

Ƙwayar sha kala biyu ce. Mai haɗin sinadari biyu, irin Microgynon, ka cire ta daga lissafi yanzu. Ba a ba mai shayarwa kafin goyo ya kai wata shida, tana iya rage nono, kuma ba ta dace da mai hawan jini ba. Ta masu shayarwa, irin Microlut mai ƙwaya 35 a kati, ba ta taɓa nono, amma tana da tsauri. Kullum a lokaci guda, ba hutu tsakanin kati da kati, in aka makara fiye da awa uku bayan al'ada ta dawo sai an yi kwana biyu ana kiyayewa. Ga mace mai 'ya'ya biyar da surfe da ɗiban ruwa, ga hanyar da ruwa ke yankewa, ban ga alamar za ta riƙe wannan shekara uku ba.

Allura uku ce a asibitocin gwamnati: Noristerat ta wata biyu, Depo ta wata uku da ake yi a damtse ko ɗuwawu, da Sayana Press ta wata uku da ake yi a ƙarƙashin fata. Mai shayarwa tana iya farawa daga sati shida bayan haihuwa, wato maiɗakinka ta kai. Aikinsu shi ne hana ƙwai fita, da kaurara yauƙin bakin mahaifa yadda maniyyi ba zai iya ratsawa ba. Zancen tara jini kuwa ga asalinsa. Jinin al'ada shimfiɗa ce da mahaifa take yi duk wata don tarbar ciki, in cikin bai zo ba ta zubar. Allurar tana hana shimfiɗar yin kauri, to babu abin zubarwa. Ba wani jini da yake taruwa a ko'ina. A watannin farko mace takan ga ɗige-ɗige ba kan ƙa'ida ba, in aka yi shekara ana yi kusan rabin masu Depo sukan daina ganin jinin gaba ɗaya. Ga wadda jininta ya yi ƙasa wannan riba ce. Illar allura ta gaskiya ita ce jinkirin dawowar haihuwa. Daga allurar Depo ta ƙarshe, a matsakaici wata goma ake ɗauka kafin a samu ciki, wasu har ya wuce shekara. Nan ne mata suke ganin wance ta daina tun bara shiru, sai a ce ta kashe mahaifa. Ba ta kashewa, jinkiri ne. Tana kuma iya ƙara ƙiba, kilo ɗaya zuwa biyu a shekara ga wasu, kuma in an riga an yi ta ba a iya zare ta, sai wa'adinta ya ƙare.

Sai ashana, wadda ni ita nake hange muku. 'Yar roba ce mai laushi, tsawonta santimita huɗu, kaurinta kamar tsinken ashana. Implanon ƙwaya ɗaya ce, shekara uku, daidai hutun da kuke so. Jadelle ƙwaya biyu ce, shekara biyar. Ana sa ta a cikin damtsen hannun da mace ba ta cika aiki da shi ba, kamar faɗin tafin hannu sama da gwiwar hannu, bayan allurar kashe zafi. Minti kaɗan ne, ba ɗinki. Tana sakin sinadarin kaɗan-kaɗan kullum. Cikin mata 1,000 kamar ɗaya ce take samun ciki a shekara, alhali masu allura kamar 4 ne cikin 100, masu ƙwaya kamar 7, mafi yawa saboda mantuwa da makara. Waɗanda ba sa yin komai kuwa kamar 85 cikin 100. Ana cire ta haihuwa take dawowa, akwai masu samun ciki a watan farko.

Ɓacewar da ake faɗa, abin da yake faruwa shi ne wanda bai ƙware ba ya soka ta da zurfi cikin tsoka maimakon ƙarƙashin fata, sai a kasa jin ta da yatsa ranar cirewa. An taɓa samun wadda ta shiga jijiya ta wannan dalilin, amma abu ne da ba kasafai ba ƙwarai. Maganin wannan, kafin ta tashi daga gadon a kama yatsanta a ɗora a wurin, ta ji ta da kanta. In ba ta ji ba, ta faɗa nan take. Implanon ta yanzu tana fitowa a hoton ƙashi, ana iya gano inda take.

Ba zan ɓoye muku ba, illar ashana ita ce rikicewar al'ada, kuma ba a iya faɗa wa mace tun farko wanne za ta samu. Wata jinin ya ɗauke, wata ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, wata ya yi mata kwana goma ko fiye yana ɗiga. Wannan ne yake sa mata da yawa su ce a cire kafin shekara. Ba alamar cuta ba ce, kuma yakan lafa, amma gara ta sani tun yanzu, kai ma ka sani.

Robar mahaifa zan yi bayaninta in ka amsa mini wannan: an auna hawan jininta tun da ta haihu? Kumburin ƙafar nan bai kwanta mini ba. A auna, ka kawo mana lambobin biyu.

Jami'in Lafiya Kafin Hausa:

Anti ta gama magana, Allah ya saka. Wuri ɗaya zan ɗan ja da baya. Ashana sai wanda aka horar ne yake sa ta, kuma cirewa ta fi sakawa wuya. Tun 2014 aka yarda jami'an lafiya na matakin farko su riƙa sakawa in sun samu horo, amma ba kowane sha-ka-tafi ne yake da mai cirewa da kayan cirewa ba. Malam, ranar da kuka je ka tambaya kai tsaye: in ta matsa mata, wa zai cire, kuma a ina? In amsar ita ce sai Haɗejia, ku sa wannan a lissafi kafin a saka. Haƙƙinta ne a cire mata duk ranar da ta nema, ba sai shekara ukun ta cika ba.

In ta fi natsuwa da allura, nisan hanya ba zai hana ba, saboda Sayana Press mace tana iya yi wa kanta a ɗakinta. Za a koya mata a asibiti, ta yi ta farko a gaban ma'aikaciya, sannan a ba ta na gaba ta tafi da su. 'Yar leda ce mai ruwan magani da gajeriyar allura a jikinta. Ta wanke hannu da sabulu, ta duba kwanan watan lalacewa, ta yaga ledar waje. Ta riƙe ta ta wuyanta ta girgiza da ƙarfi na daƙiƙa 30, har ruwan ya zama fari kamar madara. Wannan girgizar ita ake yawan tsallakewa, alhali maganin gari ne da yake kwanciya a ƙasa, in ba a girgiza ba wani kaso nasa a leda zai tsaya. Daga nan akwai 'yar tazara tsakanin murfin allurar da wuyan, ta tura murfin har tazarar ta rufe gaba ɗaya. In ba ta rufe ba, ko ta matsa ba abin da zai fito. Sai ta zare murfin, ta tattaro fatar ciki nesa da cibiya ko ta gaban cinya da yatsu biyu, ta soka allurar a miƙe har wuyan ya taɓa fata, ta matse ledar a hankali kamar daƙiƙa biyar zuwa bakwai. Ta zare, kada ta murza wurin. Allurar da aka yi amfani da ita a jefa a gwangwani ko kwalba mai murfi inda yara ba sa kaiwa, a mayar asibiti in an tashi zuwa.

Lissafin kwana shi ne ran abin. Sati 13 ne, ba kawai a ce wata uku ba. In ta yi ranar Juma'a, ta ƙirga Juma'a 13. Misali wadda ta yi 1 ga Yuni, ta gaba 31 ga Agusta ce. Tana iya gaggautawa da sati biyu, tana iya makara har sati huɗu, wato zuwa 28 ga Satumba, ba tare da kariya ta tashi ba. In ta wuce haka sai a tabbatar ba ciki, a yi allurar, a kiyaye kwana bakwai. Noristerat ba ta da wannan sassaucin, sati biyu kawai take ɗauka na makara, shi ya sa ban ga dacewarta da mutanen da ruwa ke tsarewa ba.

Ajiya ma a kula. Maganin ba ya son zafin da ya wuce maki 30, mu kuwa a watan Afrilu ɗakin kwano ya fi ƙarfin haka nesa. Kada a sa a saman sif ko jikin taga. A sa a ƙaramar roba mai murfi a ajiye a ƙasa kusa da randa, inda ba rana kuma ruwa ba ya taɓawa.

Kayan tazara kyauta ne a asibitocin gwamnati tun 2011. Wani wurin a ce a sayi safar hannu ko kati, amma maganin kansa ba na sayarwa ba ne.

Abban Hafsatu:

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Na karanta mata duka. Mun je an auna jiya, 150 bisa 95, aka ce ta huta aka sake, ya ba da kusan haka. Tana shan kunun kanwa tun haihuwa kamar yadda aka saba, kuma ana ba jaririn ruwa da rana. Ita hankalinta ya fi karkata ga ashana, amma ta ce in tambaya: in jinin ya riƙa ɗiga kamar yadda Anti ta faɗa, yaya za ta yi da salla da azumi? Wannan ya fi damunta fiye da komai.

Anti Ungozoma:

Madalla da kuka auna. 150 bisa 95 hawan jini ne, kuma wannan maganar ta riga ta tazara muhimmanci. Ta daina kunun kanwa daga yau. Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, tana ɗaga jini, tana ɗora wa zuciyar maijego nauyi, kuma ciwon zuciyar bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa. A rage gishiri da dunƙule a miya. A kai ta wurin likita a cikin satin nan ya duba ko tana buƙatar magani, akwai waɗanda suka dace da mai shayarwa. In ta ji matsanancin ciwon kai, ko gani ya dushe, ko ciwo a saman ciki ta dama, ko numfashi ya gagara in ta kwanta sai ta jingina, ko awo ya kai 160 bisa 110, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, a nufi babban asibitin Haɗejia.

Ga yadda lambar ta tace muku zaɓi. Ƙwaya mai haɗi biyu ta fita, ko bayan yaye, muddin jinin yana nan. Allura tana halatta a wannan matakin, amma in ya kai 160 bisa 100 ba a so a ci gaba da ita, to wadda za ta riƙa yi a gida sai ta samu inda za a riƙa auna ta. Ashana ba ta da wannan matsalar.

Robar mahaifa ma ba ruwanta da hawan jini. 'Yar roba ce da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, mai hannu biyu a sama, an naɗe ta da jan ƙarfe. Ana shigar da ita ta bakin mahaifa, ko dai cikin awa 48 da haihuwa, ko daga sati huɗu zuwa sama. Jan ƙarfen yana kashe kuzarin maniyyi kafin ya kai ga ƙwai. Ba sinadarin da ke shiga jini, ba ta taɓa nono, al'ada tana zuwa a kan lokacinta, tana kai shekara 10 zuwa 12, kuma ana cirewa haihuwa take dawowa. Ba ta da hanyar hawa ƙirji ko kai. Abin da yake faruwa shi ne wani lokaci mahaifa ta turo ta waje a watannin farko, musamman lokacin al'ada, mace ba ta lura ba. Shi ya sa ake barin zare kamar santimita uku a bakin mahaifa, ake kuma cewa ta dawo a duba bayan sati uku zuwa shida. Huda mahaifa wajen sakawa yana faruwa kamar sau ɗaya cikin 1,000. In akwai ciwon sanyi a jiki ranar sakawa, ana iya tura shi ciki, saboda haka sai an yi maganinsa tukuna, miji da mata tare. Dalilin da ban sa ta gaba a kan maiɗakinka ba shi ne tana ƙara yawan jinin al'ada da ciwon mara, musamman wata uku zuwa shida na farko, ita kuwa kwanan nan aka ƙara mata jini. Akwai wata robar mai sinadari maimakon jan ƙarfe, wadda ita rage jinin take yi sosai. In asibitin suna da ita da mai sakawa, ta dace da ita ƙwarai, ku tambaya.

Tunda ana ba jaririn ruwa, kariyar shayarwa ba abin dogaro ba ce yanzu. A daina ruwan ma, nono ya ishe shi har wata shida ko a bazara.

Malama Ummu Khalil:

Assalamu alaikum. Malam, a gaya wa 'yar'uwa ta kwantar da hankalinta, wannan mas'ala malamanmu sun warware ta tun da daɗewa, domin jinin ciwo ba da ashana ya fara ba.

A mazhabar Malikiyya da muke bi, mace mai sananniyar al'ada, in jini ya zarce kwanakinta, tana ƙara kwana uku a kan mafi tsawon al'adarta, matuƙar jimillar ba ta wuce kwana 15 ba. Mai kwana shida za ta jira zuwa tara. Mai kwana 14 kwana ɗaya kawai za ta ƙara. Abin da ya biyo bayan haka jinin istihala ne, wato jinin ciwo, ba haila ba. Ta yi wanka, ta yi ƙunzugu, ta yi salla, ta yi azumi, mijinta ma ya halatta gare ta, kuma an so ta sabunta alwala a kowace salla. In kuma jinin yana zuwa yana ɗaukewa ne, yau akwai gobe babu, to kwanakin jinin kaɗai take tattarawa. Duk ranar da ya ɗauke ta yi wanka ta yi salla, ranar da ya dawo ta dakata, har kwanakin jinin su cika adadin al'adarta da ƙarin ukun. Daga nan mai istihala ce. Mafi ƙarancin tsarki tsakanin haila biyu kwana 15 ne. Shi ya sa ake so ta samu ɗan littafi, ko ta riƙa ɗiga alama a kalanda, domin ba a riƙe wannan lissafin da ka. A tuna kuma tana cikin kwana na 50 da wani abu, jinin biƙi a wurinmu iyakarsa kwana 60.

Kuskuren da mata suke yi shi ne su bar salla wata guda cur saboda ɗigon da ba haila ba ne. Wannan ya kamata malaman Islamiyya su riƙa koyarwa a fili.

Game da halaccin tazarar kanta, Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku a Baƙara aya ta 233, kuma Jabir, Allah ya yarda da shi, ya ruwaito cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, a lokacin da Alƙur'ani yake sauka. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta tazara ta wani lokaci bisa shawara da yardar ma'aurata biyu, ta hana yanke haihuwa dungurungum sai da larura. Abin da kuka yi na zama ku biyu ku yanke shawara, shi ne sharaɗin.

Mai Kemis Ringim:

Ni ta ɓangaren magunguna zan ƙara, don nan ne ake samun cikin da ake ɗora wa ashana laifi. Akwai magungunan da suke sa hanta ta narkar da sinadarin tazara da sauri: rifampicin na tarin fuka, magungunan farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin da phenobarbital, da efavirenz cikin magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Mai shan waɗannan, ƙwaya da ashana suna raunana a jikinta, amma Depo da Sayana da robar mahaifa ba su damu ba. Duk lokacin da za a rubuta mata magani mai tsawo, ta ce akwai ashana a hannunta. Su amoxicillin da parasitamol ba sa taɓa ta.

In ɗigon ya dame ta akwai abin da ake bayarwa ya tsayar da shi na ɗan lokaci, ibuprofen ko mefenamic acid na kwana biyar bayan cin abinci. Amma ita kada ta saya da kanta. Magungunan nan suna ɗaga hawan jini, suna tayar da gyambon ciki. Wata hanyar ita ce a ba mace ƙwaya mai haɗi biyu ta kwana 21, wannan kuwa an riga an ce ba nata ba ne. Ta koma inda aka sa mata su zaɓa. Abin da zan ce ta riƙe shi ne maganin ƙarin jini, kullum har wata uku, kada a haɗa shi da shayi domin shayi yana hana jiki ɗaukarsa. In jinin ya zama mai yawa, ya ninka na al'adarta ko ya wuce kwana takwas yana zuba sosai, wannan dubawa yake so.

Postinor da matasa suke saye ba hanyar tazara ba ce, ta gaggawa ce. Ƙwaya biyun a haɗa a sha lokaci ɗaya da wuri-wuri, cikin awa 72 ya fi, tana jinkirta fitar ƙwai ne. In ƙwan ya riga ya fita ba ta da tasiri, kuma ba ta zubar da cikin da ya shiga. In an yi amai cikin awa biyu a sake sha.

Kwaroron roba kuwa, Malam, naka ne, kuma shi zai cike muku gurbi kafin a saka ashanar. Cikin 100 kamar 13 ne suke samun ciki a shekara, galibi don ba a sa shi kowane lokaci ko ba a sa shi tun farko. A matse kansa iska ta fita kafin a warware. Kada a shafa masa basilin ko man gyaɗa ko man shanu, mai yana cinye robar ta fashe. Kada a ajiye shi a aljihu ko ƙarƙashin kujerar babur. Shi kaɗai ne yake kare ciwon sanyi. Azalu halal ne kamar yadda Malama ta faɗa, amma kamar 20 cikin 100 suna samun ciki da shi a shekara, ga matar da likita zai so ta huta wannan ya yi yawa.

Don Allah a guji allurar masu yawo da jaka a kasuwa, maganin ya sha rana, ba a san kwanan watansa ba. Haka 'ya'yan zurma da wasu mata suke haɗiya wai ƙwaya ɗaya shekara ɗaya. Akwai guba mai ƙarfi a cikinsu, in aka tauna tana iya kisa.

Abban Hafsatu:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ta ce ashanar shekara uku. Ranar Talata za mu je, in sha Allahu, mu haɗa da ganin likita kan hawan jinin. Akwai abin da za mu tanada?

Anti Ungozoma:

Ku tafi da katin awonta da duk maganin da take sha. Ta sa riga mai sakakken hannu. Za a tambaye ta ko kun koma shimfiɗa tun haihuwa, ta faɗi gaskiya, domin in akwai shakka sai an yi gwajin fitsari. Tunda jaririn yana shan ruwa, ku kiyaye kwana bakwai bayan sakawa, ko haƙuri ko kwaroron roba. Bandejin da za a naɗa ya kwana biyu ba ruwa, filastar ƙasa kuma kwana uku zuwa biyar, saboda haka in tana wankan ruwan zafi har yanzu a ɗaga hannun, kada a tsoma ganye a wurin. Ɗan kumburi da baƙin jini a ƙarƙashin fata na 'yan kwanaki ba komai ba ne, tana iya aikinta, sai dai ta ɗaga wa daka da jan guga ƙafa kwana biyu. In wurin ya yi ja da zafi, ko ya fara ruwa, ko ta ga kan robar yana leƙowa, ta koma. A rubuta mata sunan ashanar da ranar cirewa a kati, kai ma ka rubuta a wani wurin daban, don kati yana ɓata a shekara uku. Goyon kuma ta tafi da shi, ba abin da zai hana ta ba shi nono tana sauka daga gadon.